Sanduna Goma Sha Huɗu

Lahadi, ƙarfe shida na safe

Littafin nan na saye shi ne don tsara ayoyin da za mu yi nazari a kan dutse. Amma tun jiya ba wanda nake iya kallo cikin ido, shi kuwa littafi ba shi da ido.

Baba Tela yana asibiti. Yana numfashi. Iyakar abin da zan iya rubutawa ke nan yanzu.

Sandunan suna bayan ƙofar ɗakin girki, a ɗaure kamar kullum. Na sake ƙirga su. Goma sha huɗu.

Lahadi, ƙarfe uku na yamma

Na je sujada, na zauna can baya kusa da taga. Fasto ya sa aka yi wa Baba addu'a. Bai ambaci ƙungiyarmu ba, amma rabin coci sai da suka waiwayo suna nemana da ido.

Bari in rubuta yadda muke yi, ko hankalina ya dawo jikina. Shekara tara ke nan, duk Asabar da sassafe, nake fita da mutane bayan gari mu yi nazarin Littafi Mai Tsarki a kan dutse. Mu goma sha huɗu ne har da ni, wasu a bas ɗin Direba, wasu a motar Nas. A gindin dutsen nakan kwance damin sanduna, kowa ya ɗauki tasa. Mu hau, mu karanta sura ɗaya tare a kan falalen da ke sama. Daga nan kowa ya zura hannu a hular Direba ya zaro 'yar takarda mai aya guda, ya tafi inda ba ya ganin kowa, ya zauna da ayarsa awa ɗaya. Sai in busa usur mu sauko. A ƙasa kowa ya mayar da sandarsa, ni kuma in ƙirga. Direba ya leƙo ta taga ya ce, "Malama, mun cika?" In ce mun cika, a ta da mota.

Ni na ƙirƙiro dabarar, kuma har masu jagorancin wasu ƙungiyoyi na koya wa, ina wani ɗaga kai. Nakan ce mutum motsi gare shi, wannan ya zaga bayan mota, wancan ya sunkuya yana ɗaure takalmi, amma sanda inda ka ajiye ta nan za ka same ta. Shekara ashirin da uku ina koyar da lissafi a sakandare, wa zai ja da ni?

Jiya Direba ya tambaye ni, na ce mun cika.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Daga makaranta na wuce asibiti. Ƙafar dama ta karye sama da idon sawu, sanyi kuma ya shiga huhunsa. An sa masa robar iska a hanci. Bai yi magana ba tun da aka kawo shi. Tsoho mai shekara saba'in da huɗu, wanda bai taɓa barin kowa ya riga shi kaiwa saman dutse ba, yau ga shi kwance, hannuwansa a kan bargo ba abin da suke yi. Ban taɓa ganin hannun Baba a zaune ba.

Auta ta iso, 'yarsa ɗaya da ta rage, daga birnin da take aiki. Ita ce ta kira ni ranar Asabar da ƙarfe huɗu, ta ce wayarsa a kashe, maƙwabta kuma sun ce shago bai buɗe ba. Mu kuwa tun sha ɗaya da rabi muka bar dutsen. Ruwa ya sauko daga ƙarfe ɗaya har huɗu.

Ta rungume ni a baranda ta ce, "Yaya, na gode da kuka koma nemansa."

Talata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

Direba ya zo gida. Shi ya fara ganin Baba, kuma tun ranar yake ta neman wanda zai gaya wa. Ya ƙi zama a kujera, ya ƙi taɓa shayin da na kawo, yana tsaye yana murza hula.

Ya ce takalmin Baba na dama ya fara tsinta, a gefen gabas, inda dutsen ke da santsi. Nan ya faɗi, ba shakka, don ga tabaransa a wurin a fashe. Amma shi kansa ba ya nan. Sun yi ta kira. Sai can wajen ƙarfe shida, rana ta ɓullo ta ƙarƙashin gajimare, haskenta ya shiga wata tsaga a jikin dutsen, can sama, ya ga farar riga. Ya ce daga baya ya koma ya auna da ƙafarsa, taku ɗari biyu da goma ne daga takalmin zuwa tsagar, kuma duk hawa ne.

Na ce to wataƙila rarrafe ya yi. Ya ce gwiwar wandonsa ba ko ƙura, tafin hannunsa ba ƙwarzane. Ya ce shekara tara muna hawa dutsen nan, akwai wanda ya san da tsagar? Babu. Ya ce cikinta a bushe yake, daidai tsawon mutum.

Sai ya ciro 'yar takarda daga aljihu, wadda ya ɓanɓare daga hannun Baba. Rubutuna ne. Na buɗe Littafi na duba ayar, ko da yake na san ta. Wurin nan ne da bawan Allah ya roƙi ya ga ɗaukakar Ubangiji, aka ɓoye shi a tsagar dutse, aka rufe shi da hannu har ta wuce.

Tsigar jikina ba ta kwanta ba har yanzu. Ni na rubuta ayar da hannuna a kan teburin nan, ina sauri don tukunya tana kan wuta.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Nas ce ta kawo bayanin, a barandar asibiti, gaban Fasto da Auta. Ita mutum ce mai son komai ya zauna a mazauninsa. Ta ce tunda sandar Baba tana cikin dami, ai ya sauko tare da mu ke nan, ya mayar da ita, sannan ya juya ya sake hawa bai gaya wa kowa ba. 'Yan bas suka ɗauka yana motarta, 'yan motarta suka ɗauka yana bas, tunda dama wani lokaci nan yake shiga, wani lokaci can. Ta ce haka ruɗewar tsufa take farawa, ta sha gani.

Auta ta share hawaye ta ce dama kwanakin baya ya kira ta da sunan mahaifiyarta. Fasto ya gyaɗa kai. Suka dube ni, aka ce ai Malama ta ƙirga, ko ba haka ba?

Na ce na ƙirga. Ban yi ƙarya ba.

Alhamis, ƙarfe shida na safe

Ban yi ƙarya ba. Goma sha huɗu ne.

Juma'a, ƙarfe biyu na rana

Mai Burodi ta tare ni a ƙofar makaranta, da garin fulawa har gwiwar hannunta. Ita ce mai ciwon gwiwa a cikinmu, kullum ita ce ƙarshe wurin hawa, kullum ita ce farko wurin raira waƙa. Yau ba waƙa. Ta ja ni bayan katanga ta fashe da kuka.

Ta ce da aka watse kowa zai tafi da ayarsa, Baba ya ga tana ɗingishi, ya miƙa mata sandarsa ya ce ta riƙe biyu wurin saukowa, shi ƙafarsa ta san hanya. Ta sauko da biyu, ta jefa biyu a dami, ta shiga bas ta kama barci. Ta ce kwana shida ke nan ba ta iya cin abinci, in ta faɗa mijinta zai hana ta coci gaba ɗaya.

Na riƙe hannunta na ce ta kwantar da hankali, kada ta gaya wa kowa tukuna, a bari Baba ya farfaɗo. Murya mai daɗi na yi amfani da ita, irin wadda nake karanta zabura da ita a kan dutse. Ta yi min godiya har da durƙusawa.

Asabar, ƙarfe bakwai na safe

Ba fita. Fasto ya ce a dakata sai dattawan ikkilisiya sun zauna. Jikina bai sani ba, ya tashe ni ƙarfe biyar, na tarar da kaina na cika gorar ruwa.

Na duba jadawalin da na tsara tun farkon shekara in ga abin da za mu karanta yau. Misalin makiyayi ne mai tumaki ɗari da ɗaya ta ɓata. Na rufe littafin na je na wanke labule, duk da ba su yi datti ba.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Ya farka. Na gode maka, ya Ubangiji, na gode.

An cire robar hanci. Abu na farko da ya tambaya shi ne ko an rufe kan keken ɗinkinsa, kada ƙura ta shiga. Muka yi dariya har Auta. Sai likita ya zo yana masa tambayoyi, yau wace rana, wannan wace ce, duk ya amsa daidai. Da aka ce ya tuna yadda ya shiga tsagar dutsen, sai fuskarsa ta canza, ta yi wani irin haske da ban san yadda zan rubuta ba. Ya ce ɗaukar sa aka yi. Aka ce wa? Ya ce bai ga fuska ba, baya ya gani.

Likita ya rubuta wani abu a fayil. Auta ta juya ta fuskanci bango.

Aka tambaye shi me ya sa ya sake hawa bayan ya sauko. Ya dube ni, ba wani dogon kallo ba, ya rufe ido ya ce ya gaji.

Talata, ƙarfe biyar na yamma

Auta ta yanke shawara. Ƙarshen wata za ta rufe shagon, ta ba wani keken, ta tafi da shi birni. Gidanta hawa na huɗu ne, za ta samo mai kula da shi, a riƙa kulle ƙofa in ta tafi aiki kada ya fita ya ɓata. Ta ce ba za ta jira ya kunna dutsen guga ya manta ya ƙone unguwa ba. Ba mugunta ba ce. Tsoro ne.

Shekara hamsin da ɗaya yana ɗinki a wannan shagon.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Ta roƙe ni in raka ta mu fara tattara kaya, na kasa cewa a'a. Shagon ɗan ƙarami ne, in mutum biyu suka shiga sai ɗaya ya karkace. Almakashi uku a jere bisa girma, kowanne a ƙusarsa. Kowane yadi da 'yar takarda a maƙale da fil, sunan mai shi da awonsa da ranar karɓa, ba ko ɗaya da ya goge ya sake. A kan keken akwai rigar bikin wata yarinya, saura hannu ɗaya, allura tana tsaye inda ya bar ta. Wannan ne mutumin da muka ce ya ruɗe.

Ƙarƙashin tebur na ga buhun ƙyallaye. Daga nan ya yanko igiyoyin da ya ɗinka wa sandunanmu, wurin zura hannu, kowa da launinsa don kada a yi rigima. Tawa shuɗiya ce. Tasa ja ce, ya ce don in ya tsufa ya riƙa ganinta daga nesa.

Zan rubuta, tunda ba mai karantawa. Na ga jan ƙyallen. Ranar nan, a gindin dutse, na ga Mai Burodi ta jefa biyu, kore da ja. Idona ya gani, kaina bai ɗauka ba, don hadari ya haɗo ina sauri, kuma a zuciyata ina ta maimaita wani bayani da na yi a sama wanda ya yi min daɗi. Ina yaba wa kaina wa'azi, ina ƙirga itace.

Alhamis, ƙarfe takwas na safe

Baban yara ya gaji da ni. Ya ce kwana goma sha biyu ke nan ina zuba gishiri a shayi, ko dai in faɗi abin da ke damuna ko in bar masa ɗakin girki. Na faɗa masa duka, a tsaye, jakar makaranta a kafaɗata.

Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya tambaye ni me nake tsoro. Na ce za su karɓe ƙungiyar, wataƙila su hana hawa dutsen har abada, mutum goma sha uku su rasa abin da ke riƙe da su saboda ni. Ya ce, "To a cikin goma sha ukun nan da kike tausayi, ke ce ta nawa?"

Na ce zan makara, na fita.

Asabar, ƙarfe biyu na rana

Na sa ya kai ni dutsen, mu biyu kawai. Shi ba mai hawa ba ne, ya tsaya a mota da jarida ya ce in bai gan ni ba zai ƙirga tayoyi. Ban yi dariya ba, shi ma daga baya ya daina.

Ban taɓa hawa ni kaɗai ba. Kullum ina gaba ina magana, ina nuna wa mutane abin da ya kamata su gani. Yau ba wanda zan nuna wa komai, sai na ji dutsen. Iska tana bi ta cikin ciyawa da wata ƙara ƙasa-ƙasa, ruwan da ya kwanta a ramukan falale yana ɗauke da sararin sama gaba ɗaya, shaho biyu suna shawagi a ƙasa da ni, ina ganin bayansu. Ashe duk shekarun nan ina kawo Littafi nan in yi ta surutu a kansa, wurin kuwa yana karanta nasa tun kafin a haife ni.

Na sami tsagar. Da Direba bai kwatanta min ba da na wuce ta sau goma. Na cire takalmi kafin in shiga, ban san dalili ba, ƙafata ce ta ƙi. Na kwanta a ciki. Dutse ta dama, dutse ta hagu, wani ya rufo ta sama kamar tafin hannu, gaba kuma fili har iyakar gani. Na ji tsoro, amma ba irin wanda ke sa gudu ba. Na kasa addu'a. Na yi ta cewa ga ni, ga ni, ban san me kuma zan ƙara ba.

Na gwada rarrafe daga nan zuwa inda ya faɗi, da ƙafafuna biyu lafiyayyu, kuma gangara ce a gare ni. Taku ashirin gwiwata ta fashe.

Da na kai wurin sai na tarar da guntun gilashin tabaransa. Na zauna, na duba ƙasa. Daga nan ana ganin inda muke ajiye motoci, tas, ba abin da ya tare. Ga Baban yara can yana juya shafin jarida.

Ashe ranar nan Baba ya gan mu. Ya gan ni.

Lahadi, ƙarfe ɗaya na rana

Ban iya shan jibin Ubangiji ba. Na bar ƙoƙon ya wuce ni.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Na jira Auta ta tafi karɓo magani, na ja kujera kusa da gadon. Na shirya jawabi tun daga makaranta, da gabatarwa da komai. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba, sanduna na ƙirga."

Ya ce, "Na sani, 'yata. Ina kallonki. Sau biyu ma kika ƙirga, kin yi aikinki da kyau."

Ya ce da ya ji usur ya miƙe, ƙafar da ta san hanya ta ci amanarsa. Ya yi ta kira, iska tana mayar masa da muryarsa. Ya gan mu ƙanana can ƙasa, ya ƙirga mu da kansa, goma sha uku, ya san kowa da tafiyarsa. Ya ga na sunkuya kan dami, ya ce a ransa yanzu za ta ɗaga kai. Ya ga an rufe ƙofofi. Ya ce nan ya yi fushi, har ya faɗi wata kalma da bai faɗa ba tun yana saurayi, a kaina kuma ya faɗe ta, in yafe masa.

Wai ni ce zan yafe masa.

Sai ya ba ni labarin sauran, a hankali, yana hutawa. Hadari ya taso ta gabas baƙi ƙirin, ya ga ruwan yana tahowa a tsaye kamar bango, ya ce shi ke nan. Ya buɗe takardarsa ya sake duba ayar, har abin ya ba shi dariya. Daga nan bai san komai ba sai jin kansa ya yi a kwance a busasshen wuri, duhu ya rufe bakin tsagar, tsawa tana bi ta cikin dutsen yana jin ta a haƙarƙarinsa. Ya ce ba wanda ya yi masa magana. Amma bai taɓa zama kusa da wani ba kamar yadda ya zauna a awannin nan, ko da matarsa. Da duhun ya janye, ya ga bayan ruwan yana tafiya yamma a kan fili, haske yana bin sa, komai yana ɗiga yana ƙyalli.

"Shekara sittin ina karanta wurin nan," in ji shi. "Na ɗauka labarin wani ne."

Na ce zan gaya wa Auta da dattawa. Ya riƙe hannuna ya ce kada in yi. In na faɗa za su rufe dutsen, Mai Burodi kuma ta shiga uku. Shi ya riga ya ga abin da zai gani, hawa na huɗu ma ai sama ne. Ya yi murmushi, amma yatsunsa suna ta motsi a kan bargo kamar yana tura yadi ƙarƙashin allura.

Talata, ƙarfe shida na safe

Ya ba ni izinin yin shiru. Shi da kansa. Ba abin da ya taɓa yi min nauyi kamar wannan izinin.

Laraba, ƙarfe bakwai na yamma

Dattawa sun zauna a ofishin Fasto, su biyar, da Nas, da Auta. Na je da damin sandunan a kafaɗa, mai gadi har yana tambayata ko itacen girki na kawo.

Fasto ya fara da cewa ba wanda ke zargin Malama, tsarinta mai kyau ne, tsautsayi ne da tsufa. Na miƙe kafin ya gama, don na san in ya kai ƙarshe ba zan tashi ba. Na zaro mai jan ƙyallen na ajiye a kan tebur. Na ce Baba bai sauko ba, bai ruɗe ba. Ya ba wani sandarsa don taimako, na ga sanda biyu a hannu ɗaya, na ƙirga itace na ce mutane sun cika, na bar shi a kan dutse da karyayyar ƙafa. Na ce tun Larabar farko na san bayanin Nas ba haka yake ba, na yi shiru sati biyu ana tattara shagonsa, har da hannuna a tattarawar.

Aka tambaye ni wa ya riƙe sandar, na ce wannan ba shi ne laifin ba. Sai ga ƙofa ta buɗe. Ashe Mai Burodi tana baranda tun ɗazu. Ta ce ita ce, ta zauna a ƙasa kusa da ƙafata, ta ƙi kujera.

Nas ta rufe fuska da hannu biyu. Auta ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Yaya, na gode miki a baranda. Kika bar ni na gode miki." Ta ɗauki jakarta ta fita.

Hukunci: an karɓe jagoranci daga hannuna, sai abin da hali ya yi. Kan rufe dutsen sun yi ta ja, biyu da biyu, har dattijon da ya fi kowa shekaru, wanda na ɗauka barci yake yi, ya ce wurin da Ubangiji ya ɓoye mutum ba su ne za su sa masa kwaɗo ba. Nas za ta jagoranta. Ni an ce in na ga dama in bi, a bayan layi.

Shekara tara. Na yi kuka a mota har Baban yara ya tsaya a gefen titi.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Auta ba ta amsa gaisuwata, kuma tana da gaskiya. Amma da na bi ta layin shagon na gan ta tana mayar da almakashi a ƙusoshinsu, tana gwada wanne ne na ina. Za a sallami Baba jibi. Za ta zauna da shi wata biyu, ta kuma sa a haɗa wa keken injin lantarki tunda ƙafar ba za ta iya taka feda ba. Wai ya ce wannan lalaci ne, amma zai gwada.

Na kai masa sandarsa asibiti, don na ga shi ya fi kowa buƙatarta yanzu. Ya yi min faɗan rashin jin magana tukuna, sannan ya tura min ita.

"Mayar da ita dami. Duk Asabar ku hau da ita, ku ba mai ciwon gwiwa. Ku goma sha uku ne yanzu, sanduna goma sha huɗu. Kullum za su yi miki ƙarya, dole ki duba fuska."

Asabar bayan sati biyu, ƙarfe huɗu na yamma

Mun hau. Nas tana karatu da sauri kamar tana kiran sunayen magani, kuma ba ta yin bayani ko kaɗan. Abin haushi, mutane sun fi yin magana. Ina can baya tare da Mai Burodi da sandunanta biyu. Mijinta da kansa ya kawo ta bakin bas.

Kafin a watse Direba ya kai mu tsagar. Ba wanda ya ce a cire takalmi, sai gani na yi duk an cire. Muka tsaya a bakinta mu goma sha uku, ba waƙa, ba addu'a da ƙarfi. Iska kawai.

A ƙasa Nas ta ce in ɗaure damin, ita ba ta iya ƙullin ba. Hannuna ya fara ƙirgawa da kansa, na bar shi ya gama, sannan na ɗaga kai na bi su ɗaya bayan ɗaya. Ashe gemun Direba ya yi fari. Ashe Nas tana da tabo a haɓa. Shekara tara.

Da muka dawo na sauka a layin shagon. Tun daga kwana na ji ƙarar keken. Yana zaune, ƙafar a miƙe kan kujera, yana haɗa hannun rigar yarinyar nan. Auta tana bakin ƙofa, ta matsa min hanya. Bai ɗago daga ɗinkin ba ya ce, "Malama, kun cika?"

Na ce, "Ba mu cika ba, Baba. Saura kai."

Ya cije zare ya ce, "Yau kika iya lissafi."